Darasi: Wasiƙar Neman Aiki Ga Wanda Ya Gama Makaranta

An shirya wannan darasi domin zumuntar matasa, da iyaye, da dattawan ikilisiya waɗanda matasa sukan kawo wa takarda su duba. Ana iya karanta shi a zama ɗaya, amma zai fi amfani a raba shi biyu domin a sami lokacin gwada rubutu.

Da wuya a sami ƙauyen da babu gidan da aka sayar da awaki, ko buhunan masara, ko aka kwashi adashe domin yaro ya gama kwaleji ko jami'a. Yaro ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida da takardunsa a cikin leda. Damina ta wuce, wata ta zo. Ya rubuta wasiƙa goma, ya rubuta ashirin, ba wanda ya kira shi. Wasu su ce ai ba shi da uwa a gindin murhu, wasu su ce hannun maƙiya ne.

Bari mu faɗi gaskiya tun da fari. Wasiƙa ba ta haifar da gurbin aiki inda babu, kuma masu nema suna da yawa ƙwarai. A watan Maris na 2014, sa'ad da hukumar shige da fice ta ƙasa ta kira masu neman aiki zuwa gwaji, mutane fiye da 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, har aka rasa rayuka a turmutsutsu a Abuja da Minna da wasu garuruwa. Sanayya ma tana nan, kowa ya sani. Duk da haka akwai wurare da yawa da har yanzu ake zama a karanta wasiƙu ɗaya bayan ɗaya: makarantun mishan da masu zaman kansu, asibitoci da ɗakunan shan magani, ƙananan bankuna, kamfanonin iri da taki, da ƙungiyoyin agaji. A irin waɗannan wurare matasanmu da dama suna faɗuwa tun kafin a ga fuskarsu, kuma shafi ɗaya ne yake kayar da su. Wannan kuwa abu ne da za mu iya gyarawa a gida ba tare da kashe kuɗi ba.

Wa zai karanta wasiƙar?

Ka sa kanka a kujerar shugaban makaranta wanda malamin lissafinsa ya tafi, ana saura mako biyu yara su dawo daga hutu. Ga tarin wasiƙu a kan tebur, ga wasu ayyuka suna jiransa. Tambaya ɗaya ce a zuciyarsa: wa zai iya riƙe mini wannan aji? Duk wasiƙar da ta amsa wannan tambaya a layukan farko, zai ajiye ta a gefen dama. Wadda ta fara da dogon labarin wahalar mai nema, zai tausaya, amma zai wuce.

A ƙungiyoyin agaji da manyan ofisoshi, mutum biyu ko uku sukan zauna da jerin sharuɗɗan da aka buga a sanarwa, suna ba kowace takarda maki. Abin da ba ka rubuta ba, ba za a ba ka makinsa ba, ko da kana da shi. Saboda haka kafin ka fara rubutu, ka karanta sanarwar sau uku da biro a hannu. Ka ja layi a ƙarƙashin kowane abu da suka ce suna so: irin takardar shaida, harshen da ake ji, iya kwamfuta, iya tuƙa babur, yarda da zama a ƙauye. A gefen kowane ɗaya ka rubuta abin da kake da shi wanda ya dace da shi. Wannan ɗan jeri shi ne ƙashin bayan wasiƙarka.

Mutane da yawa suna haɗa wasiƙa da takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira CV. Aikinsu daban ne. CV tana jera makarantu da shekaru da takardu, kuma kusan iri ɗaya ce ko'ina ka kai ta. Wasiƙa kuwa tana zaɓen abu biyu ko uku daga ciki, ta nuna yadda suka dace da wannan aiki a wannan wuri. Shi ya sa wasiƙa ɗaya da aka buga kwafi hamsin aka rarraba ba ta cika kawo amsa ba. Mai karantawa yana ganewa nan take cewa ba shi aka rubuta wa ba.

“Ai ban taɓa yin aiki ba”

Nan ne yawancin matasa suke tsayawa. Sanarwa ta ce ana son mai ƙwarewa, sai matashi ya ce shi bai taɓa karɓar albashi ba, don haka ba shi da abin faɗa. Amma mai ɗaukar ma'aikaci ba takardar albashi yake nema ba. Yana so ya san ko an taɓa danƙa maka wani abu ka riƙe shi da kyau. Mu duba inda za a samu irin wannan shaida.

Na farko, hidimar ƙasa. An kafa shirin NYSC a 1973 a zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma wanda ya gama digiri ko HND yana yin shekara guda yana aiki a makaranta, ko asibiti, ko ofishin ƙaramar hukuma. Wannan shekara aiki ce cikakkiya. Kada ka rubuta kawai cewa ka yi hidimar ƙasa a jiha kaza. Ka faɗi aji nawa ka koyar, wane darasi, yara nawa ne, da abin da ƙungiyarku ta aikin gayya ta yi wa garin. Tun daga babban zaɓen 2011 hukumar zaɓe tana amfani da 'yan hidimar ƙasa a rumfunan zaɓe, kuma a 2023 su ne da yawa suka riƙe na'urar tantance masu jefa ƙuri'a. Wanda ya yi wannan an horar da shi, an ba shi kaya masu muhimmanci, ya cika takardun sakamako a gaban jama'a. Abin faɗa ne.

Masu NCE da ND ba sa zuwa hidimar ƙasa, amma ba su rasa abin nunawa ba. Mai NCE ya yi watanni yana gwajin koyarwa a makaranta. Ɗaliban fasaha da kimiyya da aikin gona sun yi horon SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos take kula da shi. Ɗaliban kiwon lafiya sun yi aiki a ɗakin shan magani da cikin ƙauyuka. Binciken da ka rubuta a shekarar ƙarshe ma yana da amfani idan ya shafi aikin, musamman idan ka zagaya gidaje kana yi wa mutane tambayoyi, domin irin wannan aiki ne ƙungiyoyi suke ɗaukar matasa su yi.

Sai kuma abin da muka fi rainawa, wato aikin da matashi ya yi a ƙauye da cikin ikilisiya. Yarinyar da ta yi shekara biyu tana ma'ajin zumuntar matasa ta riƙe littafin kuɗi, ta ba da rahoto a gaban taro, an bincika ba a sami ɓatan ko sisi ba. Ƙaramin banki yana neman irin wannan mutum. Saurayin da ya koyar a makarantar Lahadi shekara uku ya san yadda ake shirya darasi da yadda ake kwantar da yara arba'in a ɗaki ɗaya. Wanda ya bi masu allurar rigakafi gida gida yana rubuta sunaye, wanda ya zama sakataren ƙungiyar manoma, wanda ya jagoranci Boys' Brigade ko Girls' Brigade, wanda ya kula da kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa, duk sun yi aikin da ake iya aunawa. Noma kansa ƙwarewa ce ga mai neman aiki a kamfanin iri ko shirin taimakon manoma. Ɗan birni mai digiri iri ɗaya da naka wataƙila bai taɓa riƙe garma ba.

Kada kuma a manta da harshe. Matashin da yake jin Turanci da Hausa da harshen gida, ko Berom ne, ko Tarok, ko Bajju, ko Tangale, ko Bura, ko Bachama, yana da abin da ba a saya a kasuwa. Wanda ya ƙara da Fulatanci ko Kanuri ya fi. Ƙungiyoyin da suke aiki a ƙauyuka suna matuƙar bukatar wanda zai zauna da tsofaffi ya yi magana da harshensu. Abin mamaki, matasanmu sukan bar wannan a waje, kamar abin kunya ne.

Duk abin da za ka ambata, ka sa masa adadi da lokaci da wuri. Gani ya kori ji. Kowa yana iya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son aiki. Waɗannan kalmomi sun tsufa, ba mai ba su maki. Ga misalin yadda wata mai neman aikin koyarwa za ta iya rubuta tsakiyar wasiƙarta. Mun kawo shi da Hausa domin a gane tsarin:

“Na gama NCE a fannin lissafi, kuma na yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. A lokacin gwajin koyarwa na riƙe aji biyar na firamare mai yara 52 har zango guda. Na lura yawancinsu suna shan wuya wajen rabawa, sai na riƙa amfani da ƙwayar masara da marfin kwalba, kuma shugaban makarantar ya roƙe ni in nuna wa sauran malamai. A ƙauyenmu ina koyar da yara 30 karatu da yamma tun shekara biyu da suka wuce. Ina jin Turanci da Hausa da harshen yankin da makarantarku take, kuma a shirye nake in zauna a garin.”

Ba ta yabi kanta ko sau ɗaya ba, amma shugaban makaranta ya riga ya gan ta a gaban allo. Ku lura kuma ta ambaci rajistarta. Haka ya kamata ma'aikacin lafiya na CHEW ko nas ya faɗi cewa yana da lasisi, domin shi ne abin da za a fara tambaya.

Roƙo da tawali'u

An tarbiyyantar da mu a kan cewa yaro ba ya yabon kansa a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma ta sa wasiƙunmu da yawa suna fitowa kamar na bara. Har yanzu ana ganin tsohuwar jimlar nan ta Turanci, “I humbly beg to apply for any vacant post”, wato ina roƙo da ƙasƙantar da kai a ba ni kowane aiki da yake akwai. Wanda ya ce kowane aiki ya nuna bai san abin da ya iya ba. Wasu kuma sukan ƙara da cewa su marayu ne, ko ƙanne shida suna kansu. Gaskiya ne, kuma abin tausayi ne, amma wurinsa ba a nan ba ne. Faɗin abin da ka yi yadda yake, ba ƙari ba ragi, ba fahariya ba ce. Ladabi yana fitowa a tsabtar takarda, da kiran mutum da muƙaminsa daidai, da gajarta magana domin kada ka ɓata masa lokaci.

Wani abu kuma da ya shafe mu: gaisuwar da muke fara wasiƙar zumunta da ita, ta gaishe ku cikin sunan Ubangiji da sauransu, a bar ta ga wasiƙar zumunta. A ofishin gwamnati ko kamfani ba ka san wanda zai buɗe takardar ba. Ko asibitin mishan ma, lasisi da iya aiki zai fara dubawa. Idan aikin na ikilisiya ne kuma sanarwa ta nemi shaidar zama memba, sai a haɗa da takardar Fasto.

Tsarin shafin

Wannan ba shi da wuya. Shafi ɗaya ya isa. A sama ka sa adireshinka da kwanan wata, sannan muƙami da adireshin wanda kake rubuta wa, daidai yadda yake a sanarwa. Idan ba ka san sunansa ba ka fara da “Dear Sir/Madam” ka rufe da “Yours faithfully”. Idan ka kira sunansa, sai ka rufe da “Yours sincerely”. Bayan gaisuwa sai kan magana a layi ɗaya, mai ɗauke da sunan aikin, da lambar sanarwa idan akwai. Sakin layi na farko ya faɗi aikin da kake nema da inda ka ga sanarwar. Na tsakiya, ɗaya ko biyu, su ne na shaida. Na ƙarshe ya faɗi takardun da ka haɗa da ranar da za ka iya fara aiki. Sai sa hannu, da cikakken suna, da lambar waya.

Tun da da Turanci ake rubuta yawancin waɗannan wasiƙu, shawararmu ita ce ka fara tsara abin da kake so ka faɗa da Hausa ko harshen gida, sannan ka mayar da shi Turanci mai sauƙi. Manyan kalmomin ƙamus ba sa burge kowa, kuma a nan ne kuskure ya fi shiga. Idan an ce a rubuta da hannu, a rubuta da hannu, domin wasu makarantu rubutun malami suke so su gani.

A shagunan kwamfuta akwai tsohuwar wasiƙa da ake canza wa suna a buga wa kowa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, matasa da yawa suna sa waya ta rubuta musu. Ba laifi a nemi taimakonsa wajen gyara Turanci. Amma bai san ka riƙe kuɗin zumunta ba, bai san sunan makarantar da ka koyar ba, kuma wani lokaci yakan ƙara abin da ba ka taɓa yi ba. Ranar ganawa za a ɗauki layi ɗaya a ce ka yi bayani. Kada ka sa hannu a kan jimlar da ba za ka iya fassara wa mahaifiyarka ba.

Gaskiyar takardu

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rage shekaru, ƙara maki, ko sayen takardar hidimar ƙasa suna iya fitowa fili bayan shekaru da yawa, lokacin da mutum ya riga ya yi iyali. A 2018 ministar kuɗi ta ƙasa, Kemi Adeosun, ta ajiye muƙaminta bayan da aka gano takardar yafe mata hidimar ƙasa ba ta gaskiya ba ce, ko da yake ta ce ba da saninta aka yi ba. Idan takarda ta iya sauke minista, ba za ta bar malamin firamare ba. Wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama karatu, NYSC tana ba shi takardar yafewa ta halal, ba sai ya bi ta bayan gida ba.

Akwai wata matsala da ta fi damun 'yan ƙauye, ba kuwa ta ƙarya ba ce. Yaro yana da sunan gida, da sunan baftisma, da sunan uba, da na kaka. A takardar WAEC an rubuta biyu, a katin NIN an rubuta uku, a digiri an juya su. Ranar haihuwa ma wani lokaci ta sha bamban. Ofisoshin da suke ɗaukar ma'aikata ta intanet sukan ƙi takardun da ba su yi daidai da juna ba. Ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma ka gwada su tun yanzu. Idan akwai bambanci, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka nemi gyara a ofishin da ya dace. Ka kuma karɓi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ka ajiye, domin aikin gwamnati yakan bukace ta. Waɗannan suna ɗaukar makonni, sanarwar aiki kuwa wani lokaci kwana goma kawai take bayarwa.

Masu ba da shaida a kanka su zama mutanen da suka ga aikinka: malaminka na kwaleji, shugaban wurin da ka yi hidimar ƙasa, Fasto ko dattijon da ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ka nemi izininsu kafin ka sa sunansu, ka kuma gaya musu aikin da kake nema. Ba daɗi a kira mutum ya ce, wane ne wannan? Ku kuma iyayenmu da dattawa, idan an zo neman shaida ku rubuta abin da kuka sani kaɗai. Takardar da ta ce yaro ya riƙe kuɗin matasa shekara biyu ba a sami gibi ba ta fi wadda ta cika da yabo nauyi.

Aikawa, da masu cewa a kawo kuɗi

Idan da hannu za ka kai, ka tafi da kwafi biyu, ka roƙi a buga hatimin karɓa a kan ɗaya ka dawo da shi. Kada ka taɓa barin ainihin takardun shaidarka a hannun kowa. Kwafi ake bayarwa, na ainihi sai ranar ganawa, a gani a mayar maka. Idan ta imel ne, ka mayar da wasiƙar PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka, ka rubuta sunan aikin a layin kan magana. Adireshin imel ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suke kiranka da shi ba. Kada ka jira ranar ƙarshe, domin a ranar ne sabis yakan ɗauke. Idan ƙauyenku ba sabis sosai, ka ƙara lambar wani ɗan'uwa a gari wanda zai iya isar maka da saƙo a ranar, ka kuma riƙa duba imel aƙalla sau biyu a mako. Ana rasa aiki saboda waya tana kashe kwana uku.

Game da kuɗi, a yi hattara sosai. Sanarwar ƙarya tana yawo a WhatsApp da Facebook da tambarin hukumomi da ƙungiyoyi na gaske. Majalisar Ɗinkin Duniya tana faɗa a fili cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata, kuma manyan ƙungiyoyin agaji haka suke rubutawa a sanarwarsu. Sayar da guraben aikin gwamnati kuwa laifi ne, har majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Duk wanda ya ce a kawo dubu ɗari kaza zai samo wa yaro gurbi, kada a sayar da saniya ko gona a kai masa. Wanda ya biya ba shi da bakin kai ƙara, kuma sau da yawa takardar kama aikin da za a ba shi ta jabu ce.

Aikin da za a yi a taro

A nemo sanarwar aiki ta gaske guda ɗaya, a karanta wa kowa. A raba matasa biyu biyu. Kowa ya tambayi abokinsa: me aka taɓa danƙa maka ka riƙe? Mutum nawa, kuɗi nawa, har tsawon wane lokaci? Wa zai iya ba da shaida? Mai tambaya ne zai rubuta amsoshin, domin sau da yawa wani ya fi ka ganin abin da ka iya. Iyaye da suke wurin su ƙara abin da aka manta.

Kafin taro na gaba kowa ya rubuta wasiƙa ta shafi ɗaya a kan wannan sanarwa. A roƙi malamin makaranta ko wani ma'aikaci mai ritaya ya zauna a matsayin mai ɗaukar aiki, a ba shi minti ɗaya kacal a kan kowace wasiƙa, sannan ya faɗi uku da zai kira da dalilinsa. Kowa ya zo da takardun shaidarsa a ranar, domin a gwada sunaye da ranakun haihuwa tare.